1954: shekarar da likitoci biyu suka kira dangi ɗakin magani

Duk wanda ya taɓa jinyar mai taɓin hankali a gida ya san tambayar da ake yi da murya ƙasa-ƙasa: laifin wa? Mu nan kishiya ake fara duba, ko a ce uwar ce ba ta yi tarbiyya ba. Sana'ar da yau ake kira jinyar iyali, inda masani ke zaunar da gida gaba ɗaya maimakon mara lafiya shi kaɗai, ita ma da wannan tambaya ta soma, kuma ta daɗe tana ba da amsar da ba daidai ba.

A 1948 wata likitar ƙwaƙwalwa a Amurka, Frieda Fromm-Reichmann, ta yaɗa ra'ayin cewa akwai irin uwar da halinta ke haifar wa ɗanta cutar sikizofireniya, wadda mai ita ke jin muryoyi, tunaninsa ya warwatse. Ra'ayin ya karɓu. A 1954 Murray Bowen ya koma cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka a Bethesda, ya fara kwantar da marasa lafiya tare da uwayensu mata a ɗaki guda, daga baya ya haɗa da ubanni. Nufinsa ya ga yadda suke zama da juna. A 1956 Gregory Bateson da abokan aikinsa a Palo Alto suka ce yaron da ake ba umarni biyu masu karo da juna, ba kuma damar ya yi ƙorafi, yana iya rikicewa. Daga nan abin ya kankama: Don Jackson ya kafa cibiya a Palo Alto, mujallar Family Process ta fara fita a 1962 da Jay Haley a matsayin edita, Virginia Satir ta fitar da littafinta a 1964. Aka riƙa sa madubi mai gani ta gefe guda, malamai na bayansa suna kallon iyali suna magana.

Sun gano abu na gaskiya, wato ciwon mutum ɗaya kan motsa gida duka, gidan kuma ya motsa ciwon. Amma sun shigo da dangi ne kamar waɗanda ake tuhuma. Uwar da ta kwana ba barci tana tsaron ɗanta sai ta fito daga wurin likita da sabon kaya a ka.

To, a waccan shekara ta 1954, wani likita ɗan Nijeriya, Thomas Adeoye Lambo, da ya dawo daga karatu a Ingila, ya yi wani abu daban a Aro, kusa da Abeokuta. Ya yi yarjejeniya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su ba marasa lafiya masauki. Kowane mara lafiya sai ya zo da ɗan uwa, yawanci uwa ko inna ko ƴar uwa, mai yi masa girki da wanki, mai raka shi asibiti da safe. Lambo har masu maganin gargajiya ya ja jikinsa, abin da likitocin zamanin mulkin mallaka ba su saba ba. Shi a wurinsa dangi ma'aikata ne. Henri Collomb, Bafaranshen da ya karɓi sashen taɓin hankali na asibitin Fann a Dakar a 1959, ya bi hanya mai kama da wannan, inda mai rakiya ke zama da mara lafiya, ana kuma taron tattaunawa irin na bakin kasuwa. Lambo daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, amma littattafan tarihin jinyar iyali kan fara daga Palo Alto su wuce Aro. Ni dai ina ganin an rage masa haƙƙi.

Gyaran Amurka ya zo a hankali. Salvador Minuchin, ɗan Ajantina, wanda ya yi aiki da iyalan matalauta a New York, ya karɓi cibiyar kula da halayyar yara ta Philadelphia a 1965, har ya horar da mutanen unguwa marasa babban digiri su yi aikin. A Ingila binciken George Brown, sannan na Julian Leff, ya nuna cewa yawan suka da faɗa a gida na sa ciwon ya dawo, ba wai shi ya haife shi ba, kuma idan aka koya wa dangi menene cutar aka rage musu nauyi, dawowarta takan ragu. A 1979 iyaye da kansu suka taru a Madison suka kafa ƙungiyar NAMI, da yawansu sun gaji da jin cewa su ne cutar. Shekara guda kafin nan, ƙungiyar masu ba ma'aurata shawara da aka kafa a 1942 ta ɗauki sunan da take da shi yau, AAMFT, wanda ya haɗa aure da iyali. Yau da wuya ka sami malamin wannan sana'a da zai tsaya gaban ɗalibai ya ce uwa ce ke jawo sikizofireniya.