Kalmar "Robot": Ma'anarta, Furucinta da Asalinta

Manufar wannan maƙala ita ce bin salsalar kalmar Turancin nan "robot", wadda ake kiran na'urar da ke yin aiki a madadin ɗan Adam da ita. Kalmar tana da gaɓa biyu, kuma a kan ta farko ake ɗora ƙarfin murya. Mutanen Ingila suna furta wasalin gaɓa ta biyu sosai, amma wasu mutanen Amurka na dā sukan sassauta shi, har a ji kamar "robat".

Turanci ya aro kalmar ne daga harshen Cek. A can, "robota" na nufin aikin tilas da talakawa ke yi a gonar mai mallakar ƙasa ba tare da lada ba. An soke wannan tsari a daular Ostiriya, wadda ƙasar Cek ke ƙarƙashinta, a shekarar 1848. Saiwar kalmar kuwa tana da dangantaka da "rab", wato bawa a tsohon harshen Silabiyawa.

Marubucin nan Karel Capek shi ya fara amfani da ita a wasan kwaikwayonsa mai suna R.U.R., wanda aka buga a 1920, aka kuma nuna a birnin Purag a 1921. Shi da kansa ya bayyana cewa yayansa Josef, mai zane, shi ya ba shi kalmar. Halittun da ke cikin wasan ba na ƙarfe ba ne. Da wani irin nama aka ƙera su a masana'anta domin su yi wa mutane bauta, daga bisani suka yi tawaye. Da aka nuna wasan a New York a 1922, da Landan a 1923, sai kalmar ta zauna a Turanci, ma'anarta ta koma kan na'ura.

Wannan tarihi yana da amfani ga masu fassara. Kafofin watsa labarai na Hausa sukan ce "mutum-mutumi" ko "butum-butumi", wato sun dubi siffa. Alhali kuwa aiki kalmar asali ta duba, kuma yawancin na'urorin da ke haɗa motoci a masana'antu hannu ne kawai, ba su da kamannin mutum. Saboda haka, ya kyautu masu ƙirƙirar kalmomi su nemo wadda za ta nuna aikin na'urar, a bar "mutum-mutumi" ga mai siffar ɗan Adam.