Hedifon ɗin sutudiyo: sautinsa, daɗin sa shi da ƙarkonsa a yanayin Kudancin Kaduna

Hedifon ɗin sutudiyo, wanda wasu ke kira lasifikar kunne, na'ura ce da mai gabatar da shiri a rediyo, ko mawaƙi, ko mai haɗa sauti ke ɗorawa a kai domin ya ji abin da makirufo ke ɗauka kafin ya isa kunnen jama'a. A ido ya yi kama da wanda matasa ke saye don sauraron waƙa a waya, sai dai manufar ƙera su ta sha bamban. Na jin waƙa ana yawan ƙara masa kaurin amo domin kiɗa ya yi armashi. Shi kuwa na sutudiyo so ake ya fito da sauti yadda yake, har da aibinsa: hucin numfashi, da motsin takarda, da gunjin janareta da ya kutso ta taga.

A Kudancin Kaduna masu buƙatar wannan na'ura suna da yawa. Akwai ma'aikatan gidan rediyon Rockside FM da ke Kafanchan, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Kafafen Yaɗa Labarai ta Jihar Kaduna, KSMC. Akwai ƙananan ɗakunan naɗar sauti inda ƙungiyoyin mawaƙan coci da na zumuntar mata ke naɗar waƙoƙi da Hausa da harsunan yankin. A garuruwa irin su Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, akwai masu kula da lasifika a masallatai da majami'u da wuraren biki. Ga yawancinsu kuɗin hedifon ɗaya mai kyau ba ƙaramin jari ba ne, kuma idan ya lalace neman wani na iya kai mutum Jos ko Kaduna ko Abuja.

Asalinsa

A shekarar 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya haɗa hedifon da hannu a gidansa da ke jihar Utah, rundunar sojan ruwan Amurka ta saya. A 1937 kamfanin Beyerdynamic na Jamus ya fito da DT 48, wanda ke aiki da maganaɗisu da siririyar waya da aka nannaɗe tana girgiza wani faifai mai laushi, kuma har yau wannan ita ce dabarar da ke cikin mafi yawan hedifon. John Koss ya kawo mai raba sauti tsakanin kunnen dama da na hagu a 1958, sannan Sennheiser ya fito da HD 414 mai buɗaɗɗen baya a 1968.

Rufaffe da buɗaɗɗe

Wannan shi ne bambanci na farko da ya kamata mai saye ya sani. Rufaffen hedifon yana da murfi a bayan kowane kunne, saboda haka hayaniyar waje ba ta shiga sosai, abin da ake ji a ciki kuma ba ya fita. Shi ake sawa a gaban makirufo. Idan mawaƙiya tana rera waƙa tana jin kiɗa a kunne, kuma kiɗan ya zubo waje, makirufo zai ɗauke shi ya cakuɗa da muryarta, abin da ke da wuyar cirewa daga baya. A rediyo kuwa irin wannan zubar sauti kan jawo kukan nan mai tsini da ke tashi idan lasifika da makirufo suka ji juna. Sony MDR-7506, da Beyerdynamic DT 770 Pro, da Audio-Technica ATH-M50x, da Sennheiser HD 280 Pro duk rufaffu ne.

Buɗaɗɗe yana da raga a baya, iska na ratsawa. Sautinsa ya fi sakewa, kunne kuma ba ya saurin yin gumi, amma yana buƙatar ɗaki mai shiru. Inda janareta ke aiki a bayan katanga, 'yan acaɓa na wucewa a titi, amfaninsa kaɗan ne. AKG K240, wanda aka soma yi tun 1975, yana tsakanin biyun.

Ingancin sauti

Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sautin da ke girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Kamfanoni kan rubuta alƙaluman da suka zarce haka a jikin kwali, kuma wannan bai kamata ya ruɗi kowa ba, domin faɗin zangon ba ya nuna ko na'urar tana fifita wani sashe na sauti a kan wani. Abin dubawa shi ne daidaito: kada kaurin ganga ya danne murya, kada kuma siririn amo ya yi kaifin da zai gajiyar da kunne.

Illar hedifon mai kaurin amo tana fitowa ne bayan an gama aiki. Mai haɗa waƙa zai ji kamar kiɗan ya yi nauyi, sai ya rage kaurin. Idan aka sa waƙar a mota ko a lasifikar biki sai ta fito siririya ba ƙarfi. Haka nan idan hedifon ɗin yana ɓoye siririn amo, mai aiki zai ƙara shi, sai harafin "s" ya riƙa sukar kunnen mai sauraro.

Ga mai aiki da Hausa akwai wani dalili na musamman. Ma'anar kalma tana rataye ne a kan ƙananan bambance-bambance: tsakanin "k" da "ƙ", da "b" da "ɓ", da "d" da "ɗ", da "s" da "ts", ban da tsawon wasali da hawa da saukar murya. Kafa daban, ƙafa daban. Bari daban, ɓari daban. Babban rabo na abin da ke sa a rarrabe baƙaƙe yana cikin zangon girgiza 2,000 zuwa 4,000 a daƙiƙa. Hedifon da ke fito da wannan sashe sarai shi ke nuna wa mai tace labarai cewa makirufo ya yi nisa da bakin mai magana, ko kuwa ɗakin yana amsa kuwwa. An san MDR-7506, wanda Sony ya fito da shi a 1991, da bayyana wannan zango, abin da ya sa ya zama ruwan dare a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim a ƙasashe da dama, duk da cewa wasu masu haɗa kiɗa na ganin sautinsa ya cika kaifi.

Sai batun ƙarfin da hedifon ke buƙata, wanda ake aunawa da ma'aunin om. MDR-7506 yana da om 63, ATH-M50x yana da 38, shi kuwa DT 770 Pro ana yin sa kala uku: 32 da 80 da 250. Mai om 250 an yi shi ne don manyan na'urorin sutudiyo; idan aka soka shi a waya ko ƙaramar kwamfuta sautinsa zai yi ƙasa-ƙasa, mai shi ya zaci jabu aka sayar masa. Wakilin da ke tace rahoto a kwamfutar tafi-da-gidanka ya fi dacewa da mai om 80 zuwa ƙasa. Hedifon marar waya kuwa, wato na Bluetooth, yana jinkirta sauti kaɗan, kuma wannan ɗan jinkiri ya isa ya rikita mai magana ko mawaƙin da ke jin muryar kansa.

Daɗin sawa

Mai gabatar da shirin safe na iya shafe sa'o'i uku ko huɗu da hedifon a kansa. Nauyi yana da tasiri: HD 25 na Sennheiser bai wuce giram 140 ba, MDR-7506 kimanin 230, ATH-M50x kimanin 285. Amma matsi ya fi nauyi damun mutane, musamman masu tabarau, domin katifar tana danna sandar tabarau a gefen kai. Akwai kuma abin da masu ƙera na'urar a Turai da Japan ba su cika la'akari da shi ba: hula da ɗankwali da mayafi. Duk abin da ya shiga tsakanin katifar da kai yana buɗe kafa, kaurin sauti ya zube, hayaniya ta shiga. Ya kyautu mai saye ya gwada hedifon da irin shigar da yake zuwa aiki da ita.

Katifar kunne iri biyu ce. Ta fatar roba ta fi toshe hayaniya amma tana tara gumi a watannin Maris da Afrilu. Ta karan-miski, irin wadda ke zuwa da DT 770 Pro mai om 80 da mai 250, ta fi sanyi, kuma ana iya cire ta a wanke.

Ƙarko

Ba kasafai lasifikar da ke ciki ke fara mutuwa ba. Abubuwa uku ne ke riga ta: katifa, da waya, da mahaɗin da ake naɗe hedifon da shi.

Katifar fatar roba tana da wani siririn shafe a samanta wanda danshi da gumi ke ruɓar da shi sannu a hankali, har ya soma ɓarewa yana barin baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Kudancin Kaduna ya fi Kano da Katsina ruwan sama nesa ba kusa ba, damina kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, don haka wannan ɓarewa ta fi saurin zuwa a Kafanchan da Gwantu. Goge katifar da busasshen ƙyalle bayan aiki, da rataye hedifon a inda iska ke shiga maimakon cusa shi a jaka yana jiƙe da gumi, suna ƙara mata kwana. Idan ta lotse sauti ma yana canzawa, saboda lasifikar ta matso kusa da kunne. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: tana ratsa raga ta kwanta a kan faifan da ke girgiza, maganaɗisu kuma yana jan ɓurɓushin ƙarfen da ke cikinta, sai a ji ɗan karkarwa idan ganga ta buga. A lokacin ne jakar ajiya ke da rana.

Waya ta fi tsinkewa a wuyan filogi da wurin da ta shiga murfin kunne, galibi saboda an taka ta da ƙafar kujera ko an miƙe an manta tana soke. ATH-M50x, wanda ya fito a 2014, yana da wayar da ake zarewa a sauya. Ta MDR-7506 da ta DT 770 Pro a manne suke, sai an kwance an yi liƙi da dalma, aikin da gogaggen mai gyaran rediyo zai iya. HD 25, wanda ake yi tun 1988, an tsara shi yadda kusan kowane sashe nasa ake cirewa a maye gurbinsa. Ga wanda ke nesa da manyan kasuwanni, samuwar kayan gyara ta fi sunan kamfani muhimmanci. Akwai kuma ɗan ƙaramin kan da ke mai da filogi mai milimita 3.5 ya zama mai 6.35 don na'urar haɗa sauti. Shi ya fi komai ɓata a sutudiyo, kuma mai zare da ake murɗawa ya fi zama daram.

Jabu ya yawaita, musamman na samfuran da suka yi suna. Farashin da ya faɗi ƙasa ƙwarai shi ne alama ta farko. Kafin a biya kuɗi, a sa muryar mutum ɗaya yana magana: ya kamata a ji ta a tsakiyar kai. Idan ta karkata gefe guda, lasifikun biyu ba su daidaita ba.

Lafiyar kunne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ba tare da cutuwa ba. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata da dama ke bi ita ce desibel 85 na sa'o'i takwas a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 sa'o'i huɗu, 91 sa'o'i biyu, 94 sa'a ɗaya. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun mutu. Nan ne rufaffen hedifon mai katifa lafiyayya ke da wani amfani, domin wanda hayaniyar janareta ba ta damunsa ba ya buƙatar ƙure murya. Ma'aikacin da ya fara jin kunnensa na ƙara bayan tashi daga aiki, ko ya ga yana yawan cewa a maimaita masa magana, ya kamata a auna jinsa. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke birnin Kaduna tana yin wannan gwaji.