Taron SDP na Jos a 1993 da Lissafin Ɗan Takara

A watan Maris na 1993 wakilan jam'iyyar SDP suka hallara a Jos don fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa, bayan Janar Babangida ya soke zaɓen fidda gwani na 1992, ya kuma hana manya irin su Shehu Musa 'Yar'aduwa tsayawa. A zagayen farko MKO Abiola ya sha gaban Babagana Kingibe da ƙyar, Atiku Abubakar na biye. Abin da ya raba gardama shi ne mutanen 'Yar'aduwa, da suka juya ƙuri'unsu ga Abiola. Wato cancantar cin zaɓe, wadda ake ta jayayya a kanta, ƙawance ne ya ƙera ta tun a zauren taro. Masu lissafin yanki da addini sun ga kasada ƙarara da Abiola, Bayarabe Musulmi, ya ɗauki Kingibe, shi ma Musulmi, a matsayin mataimaki. Ranar 12 ga Yuni lissafin nasu ya rushe, har Abiola ya kayar da Bashir Tofa na NRC a Kano, jihar Tofa kansa.

Za a ce dukiyar Abiola ce ta yi aiki, kuma lallai ta yi. Amma kuɗi ba sa zuwa rumfa da ƙafarsu. Sai da gwamnonin SDP masu goyon Kingibe da 'yan tafiyar 'Yar'aduwa suka shiga ƙauyuka kafin Arewa ta karɓi baƙo, shi ya sa ba Kingibe kujerar mataimaki ya fi kama da neman goyon bayan gwamnonin.