Gida Mai Tafiya: Tarihin Rugar Makiyaya a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka rabu da zaman gidan gini, suka koma zama cikin mota mai ɗaki, watau motar da aka ƙera da gado da murhu da makewayi a cikinta. A ciki suke kwana, a ciki suke dahuwa, kuma da ita suke bin aiki ko yanayi daga wannan jiha zuwa waccan. Littafin Jessica Bruder mai suna Nomadland, wanda ya fito a 2017, ya bayyana rayuwar irin waɗannan mutane a Amurka, galibinsu dattawa da tsadar haya ta kora daga birane.

A ƙasar Hausa irin wannan mota ba ta zama al'ada ba, amma gida mai tafiya ya daɗe ƙwarai. Shi ne rugar Fulani makiyaya, wadda ake kwancewa a ɗora wa takarkari da safe, a kafa ta a wani wuri kafin faɗuwar rana. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan gida a yankin Kura da Bunkure, kudu da birnin Kano, domin a nuna yadda shirin noman rani da aka fara a shekarun 1970 ya sauya masa matsayi. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, gida mai tafiya yana dogara ne ga abubuwa uku da ba a iya ɗaukarsu a bayan sa ko a cikin mota: hanya, da masauki, da ruwa.

2.0 Fulani a ƙasar Kano

Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Fulani daga Mali a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463), ya kuma nuna cewa sun zo da littattafan ilmi. Haka nan ya ce Sarki Kutumbi (1623 zuwa 1648) shi ne ya fara karɓar jangali daga hannunsu. Wannan na nuna cewa tun ƙarni na 17 shanun makiyaya sun yi yawan da har sarauta ta ga ya kamata ta sami rabonta a cikinsu. Bayan jihadi, sarautar Kano ta koma hannun Fulani, kuma daga 1819 ta zauna a gidan Ibrahim Dabo na Sulluɓawa. Amma wannan bai shafe bambancin da ke tsakanin Fulanin gida da Fulanin daji ba. Na farko sun shiga birni, sun ɗauki harshen Hausa da gidan ƙasa. Na biyu kuwa sun ci gaba da bin shanu.

Masana sukan kasa makiyaya gida uku. Akwai waɗanda suka zauna wuri ɗaya suna noma da kiwo tare. Akwai waɗanda ke da mazauni na damina, amma samari su fita da garke idan rani ya yi. Sa'an nan akwai waɗanda ba su da gida ban da wanda suke ɗauke da shi, waɗanda Hausawa ke kira Bararo. Dukan ukun sun taka ƙasar Kura da Rano, domin Kogin Kano da Kogin Calawa da fadamunsu suna riƙe danshi bayan ciyawar tudu ta bushe. Garin Kura kansa ya san darajar matafiya ta wata fuskar, don kuwa baƙin rawanin da aka rina aka buga a can, wanda ake kira ɗan Kura, babbar kasuwarsa tana hannun Buzayen hamada ne.

3.0 Siffar gidan da kalmominsa

An gina rugar makiyayi bisa sharaɗi guda, watau kada a mallaki abin da ba za a iya ɗauka ba. Ana kafa bukka da tsumagu da aka lanƙwasa, a rufe da ciyawa ko kara ko tabarmi. Idan za a tashi, akan bar abin da daji zai sake bayarwa, a ɗauki abin da hannu ya sarrafa: tabarmi, da sandunan gado, da ƙore, da faya-fayai, da turmi, da igiyoyi. Ɗaki da kayansa na mace ne. Ita ke kafawa, ita ke kwancewa, kuma jeren ƙorenta shi ne ma'aunin arzikinta a idon 'yan'uwanta mata.

D. J. Stenning, a littafinsa Savannah Nomads na 1959 a kan Woɗaaɓe na yammacin Barno, ya nuna cewa duk inda aka sauka tsarin gidan ba ya sauyawa. Gidan yana fuskantar yamma, inda shanu ke kwana. Ɗakunan mata suna gabas, a jere bisa ga girman matan. Tsakanin sassan biyu kuma akwai igiyar ɗaure maruƙa. Ashe ke nan abin da makiyayi ke kira gida tsari ne wanda yake ɗauke da shi a ka, yana shimfiɗa shi a kowace ƙasa ya sauka.

Harshen Hausa ya adana shaidar wannan cuɗanya. Kalmar dangwali ta fito daga daangol ta Fulatanci, burtali daga burtol, labi daga laabi, watau hanyoyi, arɗo kuma ya shigo yadda yake. Aron kalmomin hanya da na ɗaurin dabba yana nuna cewa manomi ya san waɗannan abubuwa a bakin gonarsa, har ya bukaci sunan da zai kira su.

4.0 Rani a matsayin fili

Kafin zuwan madatsun ruwa, shekarar manomi da ta makiyayi sun kasance kamar masu karɓa-karɓa a kan ƙasa ɗaya. Da damina, lokacin da dawa da gero da gyaɗa ke gona, shanu suna masheƙari a daji, nesa da shuka. Da kaka ta yi aka kwashe amfani, sai gonaki su buɗe, garke ya shiga ya ci kara da ragowar harawa. Manomin da ke son taki yakan gayyaci makiyayi ya kafa ruga a gonarsa, ya sallame shi da hatsi, matan ruga kuma su kai nono da man shanu cikin gari. Idan zafi ya tsananta da bazara sai a gangara fadama, ko a nausa kudu, a komo da saukar ruwan farko saboda gudun tsando da cutar sammore.

Abin lura a nan shi ne, makiyayi bai mallaki taƙi ɗaya na wannan ƙasa ba. Haƙƙinsa haƙƙin lokaci ne. Gona ta mai ita ce daga shuka zuwa girbi, bayan haka al'ada ta ba dabba damar shiga. Dagaci da hakimi su ne masu tsare burtali da mashaya, kuma suna da dalilin yin haka, tun da jangali kuɗin shiga ne. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun riƙe wannan haraji, suka mai da shi babban jigo a baitulmalin En'e. Ana ƙidayar shanu da damina, lokacin da garke ke zaune wuri ɗaya, kuma makiyaya da dama sun riƙa ƙetare iyakar gunduma don guje wa ƙidaya. Duk da nauyinsa, jangali ya sa hukuma ta san da zaman mai ruga. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. Makiyayi ya huta da biya, amma tare da haka ya rasa wata igiya da ta ɗaure bukatarsa da ta masu mulki.

5.0 Zuwan ruwan Tiga

An kafa Jihar Kano a 1967, kuma gwamnanta na farko, Audu Baƙo, ya ba gina madatsun ruwa muhimmanci. An fara gwajin noman rani a Kadawa da ruwan madatsar Bagauda, sa'an nan aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya halaka dabbobi da amfanin gona a duk faɗin Sahel. An tsara kashin farko na shirin domin ya shayar da hekta 22,000 a ƙasar da yanzu ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, ko da yake abin da aka shirya a shekarun farko bai kai wannan adadi ba. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, shirin kuma ya koma hannun gwamnatin tarayya.

Amfanin shirin ga manoma a bayyane yake. Alkama da tumatir da albasa da shinkafa sun mai da yankin ɗaya daga cikin rumbunan abinci na Arewa, masu cin rani kuma suka sami aiki kusa da gida. Binciken da Tina Wallace ta yi a ƙarshen shekarun 1970, da littafin Gunilla Andrae da Björn Beckman mai suna The Wheat Trap na 1985, sun mai da hankali a kan rabon ƙasa, da tsadar noman alkama, da halin ƙananan manoma. Ta fuskar makiyayi kuwa, sauyin ya taɓa dukan abubuwa ukun da aka ambata da farko.

Na farko, masauki. Da ruwa ya sa ana iya shuka da rani, gonar da a da take buɗewa bayan kaka ta zama a rufe kusan duk shekara. Haƙƙin lokaci ya faɗi, domin lokacin kansa an nome shi. Lokacin da aka sake auna filaye aka mayar wa manoma, wanda ke da gona shi aka rubuta. Mai ruga ba shi da abin nunawa, don sawun shanu ba ya zama shaida a ofis.

Na biyu, hanya. Manyan magudanan ruwa da rassansu sun yanka ƙasar gida-gida. Garke ba ya ƙetare babbar magudana sai ta kan gada, kuma tsakanin gada da gada akwai shukar da kuskure kaɗan zai jawo ƙara da biyan ɓarna. Burtalin da ya rage kuwa, darajar da ƙasa ta yi ta sa maƙwabtansa suna ɗan cinsa kowace shekara har ya tsuke.

Na uku, ruwa. Ruwa ya yawaita a yankin, amma isa gare shi ya yi wuya, tun da bakin magudana ba mashaya ba ne. Bugu da ƙari, tare ruwa a Tiga, da kuma a madatsar Calawa da aka gama a 1992, ya rage ambaliyar shekara-shekara da ke rayar da fadamun Haɗeja da Nguru, inda makiyaya da yawa ke cin rani. A wasu sassan kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Takin zamani ya rage wa manomi bukatar kashin shanu, kara da harawa kuma suka zama hajar sayarwa. Wanda a da ake ba shi hatsi don ya sauka, ya koma shi ke biya don dabbarsa ta ci.

6.0 Doka da yunƙurin zaunar da makiyayi

Hukumomi sun daɗe suna neman mafita, kuma kusan kowace mafita ta karkata ga zaunarwa. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta fito a 1965. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da har hekta 5,000 don kiwo, amma ikon yana amfanar wanda zai tsaya wuri ɗaya ya nemi takarda ne. Annobar bushiya ta 1983 da farin 1983 zuwa 1984 sun karya garkuna da yawa, suka tilasta wa wasu iyalai zama. A 1989 aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedkwata a Kaduna, wadda ta gwada azuzuwa masu bin ruga. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi a 1998. Jihar Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, gwamnatin tarayya ta dakatar da shirinta na Ruga a 2019, gwamnatin Kano kuma ta buɗe matsugunin makiyaya a dajin Dansoshiya cikin ƙaramar hukumar Kiru a 2020. A 2024 aka kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo.

Wannan karkata ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A Ingila, dokar 1968 ta wajabta wa ƙananan hukumomi tanadar masauki ga masu zama a gidajen taya, dokar 1994 ta cire wannan wajibci, sa'an nan dokar 2022 ta mai da zama cikin mota a filin wani ba da izni ba laifi, bisa wasu sharuɗɗa. Mai mota mai ɗaki da mai takarkari sun bambanta a dukiya da dalili, amma tambayar da hukuma ke yi musu ɗaya ce: ina adireshinka?

7.0 Kammalawa

Ruga ba ta ɓace daga gefen shirin Kogin Kano ba, sai dai ta sauya kama. Leda da tamfal sun maye gurbin ciyawa a rufin bukka da yawa, babur da motar haya sun rage aikin takarkari, wayar hannu kuma ta sauƙaƙa aikin mai leƙen makiyaya. Iyalai da dama sun zauna, samari kaɗai ke fita da garke, matan kuma suna kai nono kasuwannin Kura da Bunkure kamar yadda iyayensu suka yi. Ragowar shinkafa da dusarta sun zama sabon abincin dabba ga mai iya saye.

Hausawa na cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ga makiyayi wannan magana lissafi ce, domin ciyawa da ruwa ba sa zama wuri ɗaya a ƙasar da damina ke yin wata huɗu ko biyar. Tarihin Kura da Bunkure ya nuna cewa ana iya rushe gida mai tafiya ba tare da an taɓa bukkarsa ba, idan aka rufe lokacin da yake sauka da hanyar da yake bi. Saboda haka duk wani sabon shirin ban ruwa da za a zana yana da abin koyo a nan: a sa burtali da mashaya da gadar shanu a taswira tun ranar da aka sa magudana. Masu nazarin harshe da al'ada kuma suna da aikin gaggawa, watau tattara sunayen tsofaffin labi da masheƙarai na wannan yanki daga bakin dattawan ruga da na gari, tun waɗanda suka bi su da ƙafa suna raye.