Zanen Ɓatanci na Danmak: Waiwaye Adon Tafiya

'Yan'uwa ɗalibai, nufina a nan shi ne mu waiwayi rikicin zanen Danmak, mu ga wane martani ya yi amfani, wane ne kuma ya jawo hasara.

Ran 30 ga Satumba 2005 jaridar Jyllands-Posten ta buga zane goma sha biyu, wasu daga cikinsu na izgili ga Manzon Allah (SAW), wai don gwada 'yancin faɗin albarkacin baki. Jakadun ƙasashen Musulmi goma sha ɗaya suka nemi ganin Firayim Minista Anders Fogh Rasmussen, ya ƙi, ya ce gwamnati ba ta da iko a kan jaridu. Amma fa wannan 'yanci yana da iyaka ko a can, domin a lokacin akwai dokar hana saɓo a Danmak, sai a 2017 aka soke ta. Ita kanta jaridar ta ƙi buga zanen barkwanci na Annabi Isa (AS) a 2003.

Daga nan Musulmi suka bi hanya biyu. A Janairun 2006 Saudiyya ta janye jakadanta, Larabawa kuma suka ƙaurace wa kayan Danmak, har cinikin kamfanin madara na Arla ya durƙushe a ƙasashensu. Ran 30 ga watan jaridar ta ba da haƙuri kan ɓacin ran da ta jawo, ko da yake ba ta yarda ta yi laifi ba.

Hanya ta biyu ita ce ta wuta, kuma har ƙasarmu ta iso. Ran 18 ga Fabrairu 2006 zanga-zanga ta rikiɗe a Maiduguri, aka ƙona coci-coci, aka kashe Kiristocin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Bayan 'yan kwanaki aka yi ramuwar gayya a Anaca a kan 'yan Arewa masu neman abinci. Haushin kaza, huce kan dami ke nan. Masu zanen kuwa suna can ƙasarsu.

A ganina, lalle tilas ran Musulmi ya ɓaci, amma makamansa su ne alƙalami, da kotu, da aljihu, da kyawun hali. Ai ko mutanen Ɗa'ifa da suka jefi Annabi (SAW), bai nemi a halaka su ba. Jinin maƙwabci ba ya kare martabarsa.

Allah ya sa mu dace, amin.