Ɗaukewa da sake kunnuwar kwamfutar tafi-da-gidanka

Ɗaukewa da sake kunnuwar kwamfutar tafi-da-gidanka matsala ce da na'urar ke mutuwa ana tsakiyar aiki, sannan ta tashi da kanta, kuma duk abin da ba a adana ba ya salwanta. Akan ce kwamfuta "ta ɗauke", kamar yadda ake cewa an ɗauke wuta. Wannan alama ce kawai, domin abubuwa daban-daban ne ke haddasa ta.

Zafi da ƙura

A garuruwan kwarin Rima kamar Birnin Kebbi, Ambursa da Argungu, zafi ne abin zargi na farko. A watan Afrilu zafin rana kan haura digiri 40, alhali kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade digiri 10 zuwa 35 don amfani da kwamfutocinsa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana kashe kanta idan zafinta ya kai wajen digiri 100 don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu takan toshe fanka da ƙofofin iska, sai bazara ta zo ta tarar da su a toshe. Ɗora na'urar a kan katifa ko darduma yana ƙara dagula lamarin. Yawancin kwamfutocin ɗalibai na hannu ne, kuma man da ke ɗebe zafi daga ƙwaƙwalwarsu ya daɗe da bushewa. Alamar wannan ita ce fanka ta riƙa ƙugi kafin ɗaukewar. Maganinsa share ƙurar da sabunta man.

Batir da caja

Idan batir ya mutu, ƙiftawar wuta ko sauyawa zuwa janareta ta isa ta kashe kwamfutar. Jabun caja ma haka. Batirin da ya kumbura yana iya kama wuta, don haka cire shi ake yi.

Manhaja

Windows yakan nuna shuɗin allo mai lambar kuskure, amma an saita shi ya sake kunnuwa nan take. Ana iya kashe wannan saitin don a karanta lambar. A cikin Event Viewer akan ga Kernel-Power mai lamba 41, wanda ke rikita mutane: yana nuna cewa na'urar ba ta mutu bisa ƙa'ida ba ne kawai, bai faɗi dalili ba. Idan kwamfutar ta zauna lafiya a Safe Mode, zargi ya koma kan wata manhaja ko sabuntawa. Irin haka ya faru ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da sabuntawar CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Ana gwada RAM da MemTest86.

Wasu masu gyara sukan fara da goge komai su sake ɗora Windows. Wannan ba ya warkar da zafi ko batir, kuma yana cinye fayilolin mai ita idan bai kwafe su a filashi ba tukuna.