Tarihin lamba: daga agana zuwa korona

Muna gaida ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da duk inda wannan takarda ta iske ku. Hirarmu ta yau a kan lamba take, wato allurar rigakafi. Kun tuna da shekara ta 2021, lokacin da aka kawo allurar korona: wasu suka miƙa hannu, wasu suka noƙe. Mi ya sa? Amsar tana cikin tarihi. Ku gyara zama, mu bi shi daki-daki.

Zamanin agana

Ku tambayi tsofaffin garinku labarin agana. Cikin mutum 10 da mugun irinta ya kama, kamar 3 ba su tashi. Wanda ya tashi kuwa ya sha zanzana a fuska, wani ya makance. Tun kafin zuwan Turawa, a wurare da dama na Afirka ta Yamma mutane sun san wata dabara: a ɗebo ruwan ƙurjin mai agana kaɗan, a tsaga fatar mai lafiya a shafa. Sai ya yi ciwon da sauƙi, ba ya sake kamuwa. Dabarar tana da haɗari, don wasu suna mutuwa, wasu suna ɗora wa maƙwabta. Amma ta fi zaman jiran cutar.

Wani bawa ɗan Afirka da ake kira Onesimus shi ya koya wa ubangidansa wannan dabara a birnin Boston na Amurka. Da agana ta faɗa wa birnin a 1721, aka gwada. Cikin waɗanda cutar ta kama da kanta, kusan mutum 1 cikin 7 ya mutu. Cikin mutum wajen 240 da aka yi wa tsaga, 6 suka mutu. Duk da haka mutanen birnin suka yi ca, har wani ya jefa bam cikin gidan ubangidan Onesimus. Kun ga ke nan tsoron sabon magani ba a kan baƙar fata aka fara shi ba.

A 1796 wani lokotoro na Ingila, Edward Jenner, ya nuna cewa ƙurjin shanu, wanda ba ya kisa, yana kare mutum daga agana. Daga nan lamba ta samo asali.

A farkon 1967 ƙasashe 20 na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Nijar, suka haɗa kai don yaƙi da agana da ƙyanda. Manyanku sun ga motocin ma'aikatan lafiya suna bin gari gari. Sun ga bindigar allura wadda ake takawa da ƙafa, mai yi wa ɗaruruwan mutane lamba cikin awa guda. Sarki ya sa a yi shela, mai gari ya tsaya a gaba, jama'a ta yi layi a kasuwa ko a ƙofar fada. A ƙarshen 1969, a nan ƙasarmu aka yi lamba ta cikon miliyan 100. A 1970 agana ta ƙare a wannan yanki duka.

Mutum na ƙarshe da ta kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a, wani mai dafa abinci ne a gidan likita na garin Marka, ƙasar Somaliya, a watan Oktoba na 1977. Sunansa Ali Maow Maalin. Shi da bakinsa ya faɗi cewa ya kauce wa lamba don tsoron zafin allura. Ya warke, daga baya ya shiga aikin ɗiga wa yara maganin shan inna, yana ba iyaye labarin kansa. Ran 8 ga watan Mayu na 1980 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta yi shelar cewa agana ta ƙare a duniya. Ku dubi damtsen kakanninku. Tabon nan shi ne shaida.

Mi ya sa jama'a ta yarda a wancan lokaci? Abu biyu. Sun ga cutar da idonsu, kuma gani ya kori ji. Sa'annan wanda ya kira su mutum ne da suka sani.

Inda amana ta yi rauni

Amana tana ginuwa, tana kuma rushewa. A 1995 sanƙarau ya yi ɓarna mai yawa a Nijar. Cikin gudummawar allura da ta zo daga wata ƙasa maƙwabciya aka iske jabu, wadda babu magani cikinta. OMS ta ce an yi wa mutum fiye da 50,000 ita. Mutane sun koma gida suna zaton sun tsira, alhali ba abin da ya kare su.

A 1996 sanƙarau ya faɗa wa arewacin Najeriya. A Kano kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara 200: rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka sani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran. Aka daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75. Trovan ba lamba ba ce, maganin mai ciwo ne. Amma a kunnen talaka duk allurar Bature ce. Tsakanin Kano da Maraɗi da Damagaram kuwa, labari ba ya buƙatar takardar ƙetare iyaka.

Shi ya sa a 2003, da aka baza jita-jita cewa maganin shan inna yana hana haihuwa, ta samu wurin zama. Kano ta dakatar da ɗigon har wajen shekara guda. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 waɗanda dā suka rabu da ita, har Indunusiya. Yaran da suka shanye a lokacin, yau magidanta ne, suna tafe da sanda ko keken guragu. Da mi aka gyara? An sake gwada maganin, an sayo shi daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, an zauna da sarakuna da malamai, manya sun kawo ƴaƴansu an ɗiga musu a bainar jama'a. A tsakiyar 2004 aka koma aiki. A 2006 aka fid da Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa kaka-gida. A watan Agusta na 2020 aka yi shelar cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka.

Ga wani misali da zai nuna muku ɗaya gefen. A ƙarshen 2010 aka kawo sabuwar allurar sanƙarau, MenAfriVac, wadda aka yi a Indiya musamman don ƙasashenmu. Burkina Faso da Mali da Nijar suka fara. Sabuwa ce fil, amma mutane daga shekara 1 zuwa 29 suka yi tururuwa. Irin sanƙarau na A, wanda ya saba kashe dubbai da rani, ya kusan ɓacewa. A 2015 da wani iri, na C, ya ɓarke, har aka rufe makarantun Yamai, jama'a ce ke neman allura, allura tana ƙaranci. Mutanen da suka yi wannan layi, su ne dai suka yi ɗari-ɗari a 2021.

Zuwan korona

Cutar ta ɓullo a ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ran 19 ga watan Maris na 2020 aka samu mutum na farko da ita a Nijar. Aka rufe iyakoki da makarantu, aka hana sallar jam'i, aka sa dokar hana fitar dare a Yamai. Wannan ya yi wa jama'a zafi ƙwarai, har aka yi tarzoma a wurare, aka ƙona tayoyi. Tun ba a ga allura ba, zukata sun riga sun ɓaci.

Cikin watan Afrilu na shekarar, wasu lokotoro biyu suka yi hira a wata tashar talabijin ta Faransa, suna shawarar a je Afirka a yi wani gwaji. Shugaban OMS ya yi tir da maganar. Amma ta riga ta shiga salula, ta bi WhatsApp da Facebook gida gida. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ga kuma babban dalili: yawancin mutane ba su ga cutar da idonsu ba. Abin da aka rubuta a Nijar bai kai mutum 10,000 ba, mamata wajen 300, ko da yake awon da aka yi kaɗan ne. Kusan rabin ƴan ƙasar yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, ita kuwa korona tsofaffi da masu hawan jini da ciwon suga ta fi kayarwa. Da ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu da ita a watan Mayu na 2020, sai wasu suka ce ai ciwon manya ne. Manomi ya ce shi zazzaɓin cizon sauro ne ke kashe masa yara ko wace damina, ina allurarsa? Tambaya ce mai ma'ana. Amma a duniya, OMS ta ƙiyasta cewa annobar ta jawo mutuwar mutum kusan miliyan 15 cikin 2020 da 2021.

Masu bincike na Afrobarometer sun bi jama'a da tambaya kafin allurar ta iso. A Nijar, wajen mutum 4 cikin 10 suka ce za su yarda a yi musu. Kusan 9 cikin 10 suka ce addu'a ta fi allura tsare mutum. Malamai da dama sun yi bayani cewa addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne. Mai shuka yana roƙon ruwa, yana kuma riƙe da hauya.

A ƙarshen watan Maris na 2021 aka fara lamba a Yamai da allurar Sinopharm 400,000, kyautar ƙasar Sin. Firaminista Brigi Rafini ya miƙa hannunsa a gaban jama'a. A watan Afrilu allurar AstraZeneca fiye da 350,000 ta iso ta hanyar shirin COVAX. Sai dai makonni kaɗan kafin nan wasu ƙasashen Turai sun dakatar da ita na ɗan lokaci, saboda daskarewar jini da aka gani ga mutane ƙalilan ƙwarai. Labarin ya riga allurar isowa. Mutane suka ja baya, har Nijar ta ba Kodibuwar 100,000 don kada su lalace. A Najeriya, a watan Disamba na 2021, an lalatar da fiye da miliyan 1, don an aiko su dab da ƙarewar wa'adinsu. Ƙasashe masu kuɗi sun saye ta farko, sun bar mana saura. Wannan ma ya ƙara shakka.

Kun sha jin ana cewa, yaya aka yi allura cikin shekara guda? Ga bayani. Korona tana da dangi: SARS ta 2002 da MERS ta 2012. Masana sun daɗe suna nazarinsu. An zuba kuɗi masu yawa, an yi matakan aiki a lokaci guda maimakon a jera su. An gwada allurar a kan dubban mutane, akasarinsu a Amurka, da Ingila, da Barazil da sauransu, kafin ta zo mana. Daga ƙarshe an yi fiye da biliyan 13 a duniya. Abin da ta saba jawowa shi ne ciwon hannu da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu. Zancen hana haihuwa da zancen mutuwa bayan shekara 2, shekaru sun wuce, kun ga ƙarshensa da idonku.

Sannu a hankali mutane suka yi ta karɓa. Wasu don sun ga likitan unguwarsu da limaminsu sun yi. Wasu don an kai musu har kasuwa da ƙauye. Maniyyata kuwa, a 2022 Saudiyya ta ce ba mai zuwa hajji sai da shaidar allura, kamar yadda aka saba da ta sanƙarau. A watan Mayu na 2023 OMS ta ɗage dokar ta-ɓaci a kan korona.

Abin da tarihi ya koya mana

Korona ta lafa, amma ta bar baya da ƙura. Cikin ruɗanin, miliyoyin yara a duniya ba su samu lambarsu ta jarirai ba. A 2023 mashaƙo, ciwon da lamba ke hanawa, ya kashe yara a Kano da yankin Matamaye. A 2024 kuma aka fara yi wa yara allurar zazzaɓin cizon sauro a Nijar, daga yankin Gaya. Ita ma sabuwa ce. Ita ma za ku ji maganganu a kanta.

Don haka ga abin da muke so ku riƙe. Mai tambaya ba jahili ba ne. Haƙƙinku ne ku san sunan allura, da inda ta fito, da abin da take jawowa. Wajibi ne ga ma'aikacin lafiya ya amsa muku da gaskiya, ba da tsawa ba. Wajibi ne ga hukuma ta tsare ku daga jabu. Ku kuma kada ku sayi allura a hannun ɗan tebur. Kada ku tura muryar da ba ku san mai ita ba. Ku da kuka iya karatu, ku buɗa katin lamba na yaran gidanku da na maƙwabta, ku duba ranar komawa. In kun jira sai kun ga gawa kafin ku yarda, cuta ta riga ku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a cibiyarku:

1. Wa ya tuna da agana a garinku, kuma mi ya gani?
2. Wace magana kuka ji a kan allurar korona, kuma daga bakin wa ta fito?
3. In sabuwar annoba ta zo, maganar wa mutanen garinku za su ji?

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.